Allurar da Abokina Ya Ɗage Sai Bayan Sallah

Shekarun baya, lokacin da murar tsuntsaye ta addabi masu kaji, ni da abokina muna da rumfa a kasuwar Tudun Wada. Ni ke ciniki, shi ke yanka da figa. Ma'aikatan lafiya suka zo suka ce duk mai taɓa kaji a yi masa allurar rigakafi sau biyu, kuma ta biyun tana da lokacinta. Ni da na kai aji huɗu a firamare, wato farfesan layin kaji, nan take na gane.

Ta farko muka yi lafiya lau. Ta biyu ta faɗo cikin azumi.

Abokina ya ce, "Ba mai huda ni da rana tsaka. In karya azumi saboda kaji? Sai bayan Sallah."

Na ce, "Haba Malam, liman ya ce allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi."

"To, kai da liman ku je a yi muku."

Na je ni kaɗai.

Ana jajibirin Sallah, hannunsa tsamo-tsamo cikin jini, kajin da muka saro daga Dutsen Abba suka fara zubewa. Kaza na tsaye sai ta kife, zanko ya yi baƙi. Washegari ban gan shi a Idi ba. Na tarar da shi yana rawar sanyi, tari kamar ƙirji zai tsage.

A asibiti, da suka ji sana'armu, suka rufe hanci da baki, suka killace shi. Nas ta ce, "Baba, allura ta biyun fa?" Ya sunkuyar da kai. Ta ce ta farko somin-taɓi ce kawai.

Muka zauna jiran sakamakon gwaji, wuni ya bi wuni. Matarsa ta dube ni ta ce, "Malam, zai tashi kuwa?" 

Da sakamako ya fito, ashe zazzaɓin cizon sauro ne ya haɗu da mura. Ranar da ya samu sauƙi, hannun rigarsa duka biyu ya naɗe wa nas ya ce ta zaɓi inda za ta yi masa allurar.

Abin da na koya shi ne, ciwo ba ya jiran a sauko daga Idi. Har yau ina tsokanarsa a kan furfurarsa da giɓinsa, amma ban da wannan. Duk sanda na ɗauko zancen, sai tambayar matarsa ta dawo mini, in haɗiye.