Kwalaben da Na Tara Saboda Mantuwa

Bayan na ajiye aikin koyarwa muka koma Nassarawa GRA, gidan da Alhaji, maigidana, ya daɗe yana gyarawa. Gida ne mai faɗi, idan kana wannan kusurwa ta falo, wanda ke waccan sai ya ɗaga murya. Ba mu daɗe da tarewa ba na fara lura da wani abu da ya hana ni sakat.

Sai Alhaji ya ce, "Hajiya, ai na faɗa miki jiya." In lalubi kaina kaf, in rasa ko ɓurɓushin maganar. Mai dafa mana abinci ma ta fara cewa ta sanar da ni gas ya kusa ƙarewa, ni kuwa ban san an yi ba. Da farko musu nake yi. Da abin ya yi yawa sai na koma cewa, "Au, haka ne," alhali gabana faɗuwa yake yi.

Ina da dalilin jin tsoro. Mahaifina ya yi gigin tsufa kafin ya rasu. A gidanmu na Tudun Murtala na zauna gabansa ina ba shi kunu, ya dube ni da fara'a ya ce, "Baiwar Allah, ke 'yar gidan wane ce?" Ban faɗa wa kowa ba, amma na riga na yanke wa kaina hukunci cewa hanyarsa na kama.

Wata ƙawata da ke Badawa, wadda muka yi koyarwa tare, ita ta fara ba ni wani kafso da ɗanta yake aiko mata daga waje. Ta ce yana wasa ƙwaƙwalwa. Na shanye kwalbar, na shiga waya ina bincike, na gano irinsu ba su da iyaka. Akwai na ganyen wata bishiya, akwai na man kifi, akwai wani gari mai ɗaci da ake kaɗawa a ruwan ɗumi. Na sa aka kawo mini su ɗaya bayan ɗaya, na jera a bayan turarukana inda Alhaji ba ya dubawa.

Da yake malama ce ni, sai na mai da kaina ɗaliba. In sha wannan na wani lokaci, in ajiye, in gwada wancan, wani zubin in haɗa biyu da kofi. Jarrabawar da nake yi wa kaina ita ce hadda. Na ɗauko wata doguwar sura da ban taɓa haddacewa ba, kullum bayan walaha ina ƙara ayoyi. Abin mamaki, hadda tana zama daram. Har lambobin motocin maƙwabta na riƙe. Na yi ta murna, na ce magani ya karɓe ni.

Sai dai zuciyata ta fara bugawa kamar ana daka. Bakina kullum a bushe, barci ya yi ƙaranci, ga saurin fushi. Kuma duk da haka, "ai na faɗa miki" bai ragu ba.

Ranar da abin ya kai ni bango, yayar Alhaji ce ta taso daga Haɗeja ta zo mana. Tsohuwa ce mai ciwon ƙafa. Ni kuwa na fita unguwa da mukullin ɗakin baƙi a jakata, ban sa an yi girki ba. Na dawo bayan la'asar na tarar da ita a kan kujerar falo, ƙafa ta kumbura. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya dai ce a hankali, "Da safe ina ɗaura agogo na gaya miki tana hanya." Na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba.

Washegari na kira ƙanwata na faɗa mata komai. Ta zo, ta ga kwalaben, ta riƙe baki.

"Yaya, duk wannan ke kaɗai? Ɗauko mayafinki."

Ta zuba su a leda, ta tuƙa mu zuwa asibiti. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta juye ledar a kan tebur tana karanta jikin kowace kwalba. Ta ware biyu ta ce su ne suke sa mini bugun zuciya, in daina su daga yau. Sannan ta yi mini tambayoyi, ta ba ni kalmomi in riƙe, ta sa na yi lissafi da baya-baya. Duk na ci, ban kuskure ko ɗaya ba.

Ta tashi ta je wanke hannu, ta juya mana baya. Ina zaune ina kallon labule sai ƙanwata ta taɓa ni.

"Yaya, magana ake miki."

"Wa?"

Likita ta juyo tana goge hannu, ta tsaya tana dubana. Ta zagayo ta hagu ta yi magana, na ga dai bakinta yana motsi, sautin kamar daga cikin rijiya. Ta dawo ta dama ta maimaita, na ji tar.

"Hajiya," in ji ta, "ina jin ba mantawa kike yi ba. Maganar ce ba ta isa gare ki. Mu je a auna kunnen nan."

Aka sa mini wani abu a kai mai fitar da ƙara siriri, in na ji in ɗaga hannu. Sakamako ya nuna kunnen hagu ya yi rauni sosai, na dama ma ya fara. A aji, yara suna gabana ina kallon bakinsu, shi ya sa ban taɓa ganewa ba.

A mota na fashe da dariya, hawaye yana zuba. Ƙanwata ta ce, "Yaya, an ce kin kurumce kina dariya?" Na ce mata ta bar ni, ba ta san abin da aka sauke mini ba. Ina ta alhamdulillahi har muka shiga layinmu.

Da na faɗa wa Alhaji, sai ya ce shi ma ya daɗe da tsoron abin da nake tsoro, ya rasa ta inda zai fara. Kwalaben kuwa, man kifin kaɗai likita ta ce in na ga dama in ci gaba.

Bayan 'yan makonni aka maƙala mini ɗan abin ji a bayan kunne, ɗankwali yana rufe shi. Ranar farko duniya ta yi mini hayaniya. Cokali yana ƙara, famfon bayan kicin ashe ɗiga yake yi, tsuntsaye sun cika mangwaron tsakar gida. Da yamma muna zaune a baranda, sai na ji wani gunguni a hagu da ni. Alhaji ne yake karanta jarida yana yi wa masu labarin gardama ƙasa-ƙasa, har da tsaki. Na tambaye shi tun yaushe ya fara wannan hali. Ya sauke tabarau ya ce tun yana saurayi.