Mutumin da Ya Zauna a Madadin Ganga

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da safiyar Laraba, sha bakwai ga watan Agusta, kogi ya karɓi ran mai kula da gangunan alama na mashigarmu, wanda kowa ya sani da Jan Hannu. Ni matuƙin jirgin fito ne, a gabansa na girma, Yaya nake ce masa. An ce mai ta'aziyya ya sassauta harshe. Zan gwada, amma ban yi alkawari ba.

Yaya, gangunan ƙarfen nan ja da kore da ke kan ruwa ɗaure da sarƙa, su ne idon matuƙi, su ke gaya mana nan hanya, can halaka. Kai ke kankare musu tsatsa, ka shafa fenti, ka duba sarƙa. Fentin ya kama hannunka har sabulu ya sallama. In ka hango mutum ya sha farar riga, sai ka buɗe hannu biyu ka nufo shi wai za ku gaisa, yana gudu kana dariya. Ranar da injina ya mutu a tsakiyar ruwa, jirgi cike da fasinja, kai ka jefo igiya ka ja mu da ɗan injin kwale-kwalenka har gaɓa. Ba ka taɓa yi min gori ba, sai dai duk inda muka haɗu ka tambaye ni ko yau ma goyo nake so.

Sai gwamnati ta gina sabuwar tashar jiragen ruwa can sama da mu. Ba mu ƙi ba, wa zai ƙi ci gaba? Da bikin buɗewa ya matso, gangunan da aka ce an yi oda ba su iso ba, manyan baƙi kuwa ba za su kalli ruwa tsirara ba. Aka ba ka umarni ka ciro namu, ka yi musu sabon fenti, ka jera su gaban rumfar baƙi. Ka tuna musu cewa jar gangar tsakiya a kan mushen tsohon jirgin da ya nutse take. Aka ce aro ne, da an watse za a mayar. An yi tafi, an ɗauki hoto, an watse. Gangunan suna can har yau suna nuna hanya ga jiragen da ba su taɓa zuwa ba, domin ko yashe mashigar tashar ba a yi ba.

Na raka ka ofishin tsare-tsare. Ɗaki ne mai sanyi, taswira ta cinye bango guda, shuɗɗan layuka sun tashi daga tashar har ƙasashen maƙwabta. Jami'in ya yi mana bayani da sanda, cikin ladabi kuwa, ya ce batun gangunanmu yana kashi na biyu na shirin.

Ka ce, "Yallaɓai, kafin kashi na biyun, wa zai ce wa jirgi ya kauce?"

Ya ce a yi haƙuri.

Washegari ka kafa sanda a kwale-kwalenka, ka ɗaura mata jan ƙyalle, ka je ka jefa anga, ƙarfen tsayar da jirgi, daidai kan mushen. Tun daga nan, safe da yamma, muddin muna fito kana wurin, rana ta dake ka, ruwa ya dake ka. Matarka ta yi faɗa har ta gaji. Ni ma na ce maka mutum ba ganga ba ne. Ka ɗaga tafukanka ka ce, "Ƙanena, dubi launin. Ai an gama rabin aiki."

Ranar Larabar na wuce ka da 'yan makaranta da matan kasuwa, ka ɗaga mana hannu. Bayan nan ruwan sama ya kece kamar da bakin ƙwarya. Jirgin dakon yashi ya taho, matuƙinsa bai gan ka ba sai da ya ji ƙarar katako. Ban ga laifinsa ba, bawan Allah har yau ba ya iya cin abinci.

Tawagar ma'aikatan gwamnati ta zo gaisuwa. Sun zauna a tabarmar ƙofar gidanka, sun kira ka gwarzo. Da za su tashi, ɗayansu ya ja ƙaninka gefe ya ce a lura fa, ba wanda ya tura ka wurin. Gaskiya ya faɗa, wallahi, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona min rai. Ba wanda ya tura ka, ba wanda ya tura kowa. An ɗauke ƙarfe an kai shi ado, aka bar ɗan Adam ya tare gurbinsa. Na tambaye su yaushe za a mayar da gangunan. Suka ce kashi na biyu. Tir da wannan tsari, Allah ya isa!

Yaya, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Rayukan da ka kautar daga halaka, Allah ya sa ka same su a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, da 'ya'yanka, da ƙannenka, Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari.

Mushen jirgin yana nan, makaranta da asibiti kuma suna tsallaken kogi, dole a yi fito. Don haka mu matuƙa mun raba zaman wurin a tsakaninmu, kowa da ranarsa. Matata ta daina yi min magana tun da ta ji. In kun gama yi masa addu'a, ku sa mu a ciki, domin gobe da safe ni ne a kan ruwan.