Zauren da Yaya Ya Rushe

Shekarar da biron kiwo, wato ofishin kula da dabbobi, ya tura ni koyon aikin cuku, a wani ɗan ƙauye aka sauke ni, can cikin duwatsun ƙasar Suwis, ɓangaren masu Jamusanci. Ni da na tashi a yashin Guci, inda jaki ke hawa tudu mafi tsawo ko nishi babu, sai ga ni cikin kwari, dutse gabas dutse yamma, rana ba ta leƙo mu sai hantsi ya ɗaga. Duk garin bai kai unguwarmu yawan mutane ba.

Mai masaukina dattijo ne mai shanu. Gidansa na katako ne, ya yi baƙi ƙirin don tsufa, an sassaƙa sunan kakan kakansa a saman ƙofa. Kowace makiyaya a jikin dutsen da sunanta, kuma ya san wanda ya raɗa shi. Ya nuna mini inda ƙanƙara ta taɓa gangarowa ta binne gidaje, da dajin da kakanninsu suka hana sara don ya riƙa tare ta. Har yau ba mai shiga da gatari.

Wata rana ya ce da tafintan da aka haɗa ni da shi, "Tambaye shi, su me kakanni suka bar musu?"

Nan na buɗe baki. Na ba shi labarin zaurenmu na ƙasa, wanda kakanmu ya gina da azara, da zanen magina a goshinsa, inda fatake masu zuwa Kano suke sauke kaya su sha fura. Dattijon ya yi ta gyaɗa kai.

Da na dawo, na kwana biyu a Damagaram na hau motar kasuwa zuwa gida. Tun daga bakin rijiya na hango ƙura. Rabin zauren yana ƙasa, yayana yana tsaye kan magina, buhunan siminti jingine da katanga.

"Yaya, me ke nan?"

"Sannu da hanya. Butik zan yi, shagon sayar da kaya."

"A zauren Kaka? Ba wani fili duk gidan nan?"

"Nan ne bakin hanya." Ya share gumi. "Kai da ka fito ƙasar Turawa, laka ka dawo nema?"

Na ce ai can ɗin ma tsofaffin gidajensu suke riƙo, baƙi na zuwa daga nesa don su gani. Magina suka tuntsire da dariya. Yaya bai yi ba.

"Kana birni, ni ke hawa tsani duk shekara ina yaɓe. Bara da damina saura kaɗan rufin ya faɗo wa yara. Ka zo?"

Ban zo ba, kuma ya san haka. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Na tafi wurin baffanmu, ƙanen mahaifinmu, ko zai tsawata. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, gida na mai kwana cikinsa ne." Na roƙi a bar bangon gaba kawai, mai zanen. Babban magini ya ce ƙasa da siminti ba sa zama tare. Na ce to ƙyauren fa? Ashe tun shekaranjiya an ba maƙwabci ya tare awaki da shi. Azarar kuwa, da ita matan gida suka dafa wa leburori dambu.

Kafin la'asar an gama. Na tsaya ina kallo jakai suna kwashe ƙasar zuwa gona.

Butik ɗin yana nan, sukari da omo da katin salula, ciniki kuma ba laifi. In na je gida Yaya kan miƙo mini kujera a gabansa. Nakan zauna mu gaisa, mu taɓa maganar damina, amma ban taɓa iya daɗewa a wurin ba.