Sito Uku da Sunan Ɗalha

Malam Ɗalha maƙwabcina ne a Madabo. Shekara talatin yana ɗinke bakin buhunan riɗi a kasuwar Dawanau, har basilla ta yi wa babban yatsansa kanta mai taurin ƙaho. Abin da ya mallaka a duniya ɗaki biyu ne da zaure, gadon mahaifinsa, sai tsohon keke mai kuka.

Shekara shida da suka wuce, ubangidansa Alhaji Isyaku, babban attajirin riɗi, ya kira shi ya dangwala yatsa a wasu takardu. "Amana ce, Ɗalha, kai ɗan gida ne." Ya dangwala bai tambaya ba, don Alhaji ne ya biya kuɗin asibiti lokacin da aka yi wa Hauwa, matar Ɗalha, aiki.

Wata Talata takarda ta zo daga ofishin haraji, ya kawo mini in karanta masa. A cikinta Ɗalha ne mai sito uku da manyan motoci biyu, kuma bai taɓa biyan harajin ribarsu ba. An ba shi mako biyu ya bayyana, in ba haka ba a riƙe kadararsa. Adireshin da ke jiki na gidansa ne.

Hauwa na bayan labule tana ji. Ta ce, "Ashe matar attajiri ce ni ban sani ba! To Alhaji Ɗalha, a sake mana rufin ɗakin nan kafin damina." Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Ya garzaya wurin ubangidansa. Alhaji ya ce, idonsa a kan waya, "Ka ce musu kasuwa ta karye. Talaka ba a matsa masa."

"Ranka ya daɗe, gidan fa?"

"Ka ji na ce za a taɓa gida?"

Washegari maigadi ya ce Alhaji ya yi tafiya.

Daga nan tsoro ya tare a zauren Ɗalha kamar baƙon da ba ya sallama. Babur ya tsaya a bakin lungu, sai ya miƙe zumbur. Na sha ganinsa yana shafa bangon da mahaifinsa ya yaɓe da hannunsa, leɓunansa na motsi. Mutumin da bai taɓa tsallake tikitin kasuwa ko na rana ɗaya ba, shi ake nema.

Rana ta goma sha uku na raka shi ofishin. Ma'aikaciyar, Malama Ikram, ta dubi takarda, ta dubi silifas ɗinsa.

"Baba, kai ne mai sito ukun nan?"

Ya zaro basilla daga aljihu ya ajiye a tebur, ya buɗe mata tafin hannunsa.

"'Yata, wannan ce tawa."

"To su na wa ne?"

Ya faɗi sunan Alhaji, a hankali ƙwarai, sai da ta ce ya maimaita. Ya maimaita.

Ba a taɓa gidan ba, an ce ana bincike. Amma a layin Alhaji a kasuwa babu wanda ya sake miƙa masa buhu. Yanzu facin tsofaffin buhuna yake yi a ƙofar zaurensa. Motocin riɗi suna nan suna lodi a Dawanau, shi kuwa har yau in babur ya tsaya, basilla takan suɓuce masa.