Ƙarfen ɗaukar keke biyu

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara tuƙa mota ba, mahaifina ya yi ciwon ɓarin jiki. Allah ya sa ya zo da sauƙi, bayan watanni ya miƙe, sai dai hannunsa na hagu bai koma daidai ba. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a kan keke. Tun kafin a haife ni yake tashi daga gidanmu na unguwar Mardjandafak ya tafi rumfarsa ta yadi a babbar kasuwa, Grand Marché, a kan wani baƙin keke irin na da, mai nauyi kamar ƙofar ƙarfe. Da ya warke ya koma hawa, sai wata rana wani mai babur ɗin haya ya goge shi a bakin kasuwa. Bai ji wani ciwo ba sai ƙujewa a gwiwa, amma yayyena maza suka haɗu suka kulle keken a ɗakin ajiya, suka ce an gama.

Baba bai yi musu ba. Zaure kawai ya koma ya zauna. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki, ya ce shi bai iya tafiyar da ba ta da inda za ta kai shi ba. Duk sanda na zo daga unguwar Paris-Congo, inda nake aure, sai in tarar ya ƙara ramewa, maganarsa ta ƙara raguwa. Mahaifiyata ta ce min ko rediyo ya daina kunnawa.

Ni ce na kawo shawarar a riƙa fitar da shi bayan gari, inda babu mota babu babur, ya hau abinsa. Yayyena suka ce tunda ni na faɗa, ni zan yi. Ranar farko na tura keken cikin but ɗin 'yar motata, rabinsa a waje, na ɗaure da igiyar shanya. Kafin mu kai bayan unguwar Farcha ramukan hanya sun lanƙwasa madigadin baya, fenti ya kankare a wuri biyu. Baba ya sauko ya daɗe yana shafa wurin da hannunsa mai lafiya. Da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi.

Daga nan na shiga neman ƙarfen da ake ɗora keke a mota, wanda masu Faransanci ke kira porte-vélo. Ni da mijina muka yi ta duba hotuna a waya har na zama kamar wata gwana, ina yi wa abokan aikina bayani ba su tambaye ni ba. Akwai na saman rufi, akwai wanda ake ɗaurewa da ɗamara a murfin baya, akwai wanda ake kafawa a ƙugiyar jan tirela, wadda motata ba ta da ita. Mijina na sama ya so, wai ya fi tsari. Na ce ya bari in gwada ɗaga keken Baba zuwa tsayin kaina tukuna. Na kai shi ƙugu, na ajiye ina haki. Mijina ba kullum yake gari ba, kuma ƙofar gidanmu akwai ƙarfe a samanta, na san kaina, wata rana sai na manta na shigo da keke a ka. Aka bar maganar na sama.

Wani abokin mijina ya kwatanta mana shagon kayan mota kusa da kasuwa, ya ce mai shagon yana sayen irin waɗannan kaya hannun Turawa masu komawa gida. Na ce wa Baba ya shirya mu je tare. Na yi zaton zai ce in je kawai, sai na ga ya sa babbar riga da hula.

Mai shagon Balarabe ne, ya tarbi Baba da shayi, suka daɗe suna gaisawa da Larabci. Ya fito da guda biyu na baya, ɗaya na keke ɗaya, ɗaya na keke biyu. Baba ya karɓi ɗamarar ya murza ta tsakanin yatsunsa yadda yake murza shadda, ya ɗaga ta sama yana duba saƙar, ya danna robar da ke taɓa jikin keke ya ji ko ta bushe. Rabon da in ga idonsa da rai haka tun kafin ciwon. Ni kuwa na riga na yanke shawara: ƙaramin nake so. Ba shi da nauyi, ni kaɗai zan iya ɗaura shi, kuma da aka gwada bai rufe lambar mota ba. Babban yana sauka ya rufe rabinta, ga shi 'yan sandan garin nan ba sa buƙatar dalili mai yawa kafin su ɗaga wa mace hannu.

Baba ya ce babban za mu ɗauka.

Na yi masa bayani a hankali, na sake yi. Mai shagon ma ya goyi bayana, ya ce Hajj, keke ɗaya ne fa. Baba ya ce ya ji, amma babban. A ƙarshe mai shagon ya ɗaga hannuwan babban ƙarfen sama kaɗan har lambar ta fito, ya nuna min yadda zan ja ɗamarar gefe. Na shiga mota ina jin haushi a raina, ina cewa tsufa ya fara sa shi taurin kai.

Sai da muka bar cunkoson kasuwa ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Ke kin iya keke?"

Na yi dariya na ce, Baba, ina zan iya, wa ya koya min?

Ya ce lokacin da yake koya wa yayyena a layinmu, yana ganina tsaye a bakin zaure da ƙanwata a goye. Ya ce ya san ina so, amma a lokacin ba a koya wa mata, shi ma bai yi ba. Sannan ya ce, "Yanzu ga ki kina tuƙa ni a mota. Keke kuma me ya rage?"

Ni kaina na manta da yarinyar nan ta bakin zaure, ban san wani ya riƙe ta a ransa ba.

Mijina ya samo min keken mata na hannu. Ran Asabar da sassafe na ɗora su biyu, na ja ɗamara har tafin hannuna ya yi ja, muka tafi wata hanyar jar ƙasa kusa da kogi. Ina da 'ya'ya uku a lokacin, ga jiki, ga dogon hijabi da na tattare na ɗaure a ƙugu. Baba ba zai iya gudu yana riƙe da ni ba, sai ya kama sirdin da hannu ɗaya ya taka kaɗan ya sake. Na faɗi cikin yashi, na faɗi cikin ƙaya. Wasu mata masu tallan nono suka ajiye ƙwaryarsu suka zauna kallo, ɗaya tana ce wa 'yar'uwarta da Larabci wai tsohon nan zai karya matar mutane. Baba ya yi dariya har da tari. Da muka koma gida ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari, mahaifiyata ta bi ni har mota tana tambayar abin da na ba shi.

Mun daɗe muna zuwa. Na iya daga baya, har mukan jera, shi a gaba yana ba ni labarin yadda garin yake kafin ya cika. Da ƙarfinsa ya ƙare bai yarda a daina ba. Sai in shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ya zauna da carbinsa, ni in yi ta kai da kawo a gabansa yana gyara min zama daga nesa.

Allah ya yi masa rasuwa a wata damina, Allah ya jiƙansa. Abin da ya zauna min shi ne, duk tsawon lokacin nan ni a ganina dabara nake nema in taimaki tsoho marar lafiya. Ban lura ba cewa mutumin da kowa ke yi wa abu, aka hana shi yi wa kowa, wannan ma ciwo ne. Da na dage a kan ƙaramin ƙarfen, da dalilaina duk daidai ne, kuma da ban taɓa jin maganar da ya faɗa min a mota ba.

Har yau nakan je hanyar jefi-jefi. Ban ƙware ba, kwana ta hagu har yanzu sai na sauke ƙafa. In na wuce bedin nan nakan gyara zamana in miƙe baya, kuma ba na waiwayawa sai na yi nisa.