Ranar da Mahaifiyata Ta Kori Rundunata Gona

Shekarun baya, lokacin ina acaɓa tsakanin Rogo da Falgore, ina da wani abokina tela. Layinmu ɗaya, tare muka yi firamare. Ni na tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, shi ya ƙarasa, ya tafi Karaye ya koyo ɗinki, ya dawo ya buɗe shago kusa da kasuwa. Gara in faɗa muku tun farko, a labarin nan ni ne mai laifi.

Wata rana ya nuna min bidiyo a wayarsa. Wasu Turawa ne manya da gemunsu, sun kewaye tebur, sun jera 'yan ƙananan sojojin roba, suna auna tazara da tef, suna jefa ƙwayar lido, wai yaƙi suke yi. Ni dariya na yi. Shi kuwa ya dubi teburinsa na yanka, ya taɓa tef ɗin da ke rataye a wuyansa, ya ce, "Ai duk kayan aikin muna da su."

Haka muka fara. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, ni in jingine babur, shi ya ture ɗinki gefe, mu yi ta yi har la'asar. Ya ja rafi da alli a tsakiyar tebur. Baƙaƙen maɓallai su ne rundunata, farare nasa. Mai tafiya a ƙasa inci uku yake yi a kowane zagaye, in runduna ta haɗu da runduna ƙwayar lido ce ke raba gardama. Sannan ya sayo littattafan rubutu biyu, ya ba ni ɗaya, ya ce kowa ya rubuta tarihin ƙasarsa, kuma duk abin da mutum ya rubuta yana da ikon kawo shi kan tebur.

Nawa tarihin rabin shafi ne. Na rubuta cewa sunan ƙasata Fadama, mutanenta manoma ne, suna noma gero da dawa da gyaɗa, suna da baka da kibiya, suna da jakuna goma. Na yi ta tauna biro, wani abu bai ƙara zuwa ba.

Shi kuwa sai da ya cika littafin, har bangon baya. Ƙasarsa Bayan Dutse, mutanenta maharba ne da maƙera. Suna hawan kuraye kamar yadda nake hawan babur, robobin zaren da ya ƙare su ne kurayen. Kuma suna da wata mesa da ta girmi garin, tana kwance a ƙarƙashin rafi. Wai sarkinsu na farko ya taɓa cire mata ƙaya a ido, ta yi masa alkawari duk ranar da aka buga mata ganga za ta miƙe daga gaɓa zuwa gaɓa jikokinsa su taka ta su haye. Wani tsohon zif ne na doguwar riga mesar.

Juma'a bakwai a jere yana cin ƙasata. Har dabara na yi, na ƙara layi ɗaya a littafina cewa yaƙin nan a tsakiyar marka ake yin sa, rafi ya cika ya batse, babu mai hayewa. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa sau uku, ya shimfiɗa zif.

Amma ba cin ne ya fi ci min rai ba. Wanzamin da ke maƙwabtaka da shi da mai shayin bakin titi sun fara zuwa kallo, kuma kafin a fara sai sun ce ya karanta musu shafi ɗaya. Su yi tsit suna saurare. Ba wanda ya taɓa cewa in karanta nawa, kuma da gaskiyarsu, kafin mutum ya gyara zama ya ƙare.

A Juma'a ta takwas ya ɗauko zif, sai na riƙe masa hannu. Na jawo littafinsa, na maƙale murya irin ta tsohuwa mai tatsuniya, na shiga karanta labarin mesar ina lanƙwasa kai. Wanzami ya yi dariya, mai shayi ma ya yi. Da na ga haka sai na ƙara. Na ce, "Malam tela, kai da gemunka. Wa ya taɓa hawan kura? Wa ya taɓa taka mesa ya haye rafi? Yaƙi muke ko tatsuniya? Daga yau abin da ba ya faruwa a duniya kada ya sake hawa teburin nan."

Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi littafin, ya shafe bangon da tafin hannu, ya kwashe robobin zare da zif ya zuba a aljihun tebur. Ya ce, "Na ji. Amma wa zai faɗa mana abin da ke faruwa a duniya? Kai?"

Na ce a samo alƙali.

Ya ce, "Samo. In ya ce kai ne da gaskiya, littafin nan mai ƙosai zan ba, ta samu na naɗi."

Na san yadda ya yi wa littafin nan wahala, na kuma san in ya faɗi magana ba ya janyewa. Maimakon in ce wasa nake, sai na ce na yarda, kuma mahaifiyata ce alƙali. Haifaffiyar Falgore ce, 'yar maharbi, ta san gona, ta san daji. A raina kuwa cewa nake, uwa ai ba ta kayar da ɗanta.

Abin da na manta, ni ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "wannan" take cewa, ko "kai". In na yi faɗa da yaro a layi, ko ni aka cuta, ni za ta fara dungurewa. Mutumin da ya shekara ashirin da wani abu a hannunta ya kamata ya san haka. Amma son in ci ya rufe min ido.

Da Juma'a ta zagayo muka kwashi kaya zuwa gidanmu. Abokina ɗan gida ne, ya yi sallama ya shiga har tsakar gida, ya durƙusa.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau, ɗana. Ya aiki? Ya mutan gidan?"

"Lafiya ƙalau, suna gaishe ki."

"Ina amsawa. Me kuka kwaso haka kamar 'yan koli?"

Tana zaune tana murza ƙuli-ƙuli, kasko na kan wuta. Muka kife ƙofar langa-langa da ke jingine a bango, muka ja rafi, muka jera maɓallai. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da tsayuwa. Na ce abin da muke so kawai, duk abin da ba zai yiwu a duniya ba ta hana.

Ta dubi abokina, ba ni ba. "Ɗana, waɗannan baƙaƙen na waye?"

"Nasa ne, Inna."

"Me suke yi in ba yaƙi?"

"Manoma ne, haka ya rubuta."

"Yanzu wane lokaci ne a garin nasu?"

Na yi caraf na ce marka ce, rafi ya cika. Ina jin daɗi, don na san babu mesa.

Ta jefa ƙuli a mai, ta ce, "Marka. To wa ya bar wa gonar? An gama maimai? An yi huɗa? Wane manomi ne zai bar gyaɗa cikin ciyawa ya tafi harbin mutane? Ɗana, kwashe min su, su koma gida."

Na ce, "Inna, ai sarki ne ya kira su."

"Shi sarkin, ƙasa zai ci da kaka?"

Abokina ya sa hannu a hankali ya kwashe fiye da rabin rundunata. Na ce to sauran za su wuce da jakuna. Ta ce jaki ko kududdufi ya gani sai ya kafe, balle rafi. Na ce za su tsaya a gaɓa su yi harbi. Ta ce mahaifinta ko sau ɗaya bai fita da baka cikin ruwa ba, tsirkiya saki take in ta jiƙa. Ta tambaya me za su ci, alhali lokacin nan rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba. Ta tambaya wa zai dafa musu, da wane itace, tunda duk a jiƙe yake. Kowace tambaya sai maɓallai sun ragu. Ina ji ina gani aka bar min ƙwaya ɗaya.

Abokina ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ta ce, "Kai ma kada ka yi dariya. Naka me suke yi?" Ya ce maharba ne da maƙera. Ta ce maƙeri da damina ko numfashi ba ya samu, kowa na jiran fartanya da garma. Maharbi kuwa shi ma gona yake, farauta sai rani. Shi ma aka bar masa ɗaya.

Muka zauna, ƙofa fayau, baƙi ɗaya a wannan gaɓa, fari ɗaya a waccan. Na ce to waɗannan biyun sai su gwabza.

Ta ce, "Waɗannan ai tsofaffi ne, shi ya sa ba su je gona ba. In sun hango juna gaisawa za su yi, su tambayi ruwa, kowa ya koma. Ba gaskiya kuke nema ba? Ga ta nan, ku zauna ku kalla."

Abokina ya kasa riƙewa, ya kwanta gefe yana dariya har da hawaye. Ni ma ta so kuɓuce min, sai na ga ya tashi zaune, ya goge ido, ya ciro littafin daga aljihu. Ya ce, "Duk da haka dai Inna ba ta ce ana hawan kura ba. Ka ci. Bari in biya wajen mai ƙosai kafin ta tashi."

Ya miƙe da gaske, har ya sa takalmi ɗaya. Na riƙe bakin rigarsa. A gaban mahaifiyata, wadda ban taɓa yin doguwar magana a gabanta ba, na ce masa ni ba ruwana da gaskiya. Na ce haushi nake ji, shi ya cika littafi ni na kasa cika shafi. Na ce ranar da na karanta labarin mesar nan ina kwaikwayon tsohuwa, na riga na karanta shi sau biyu a ɓoye yana wajen guga, don daɗinsa. Na ce ya yafe min.

Ya tsaya da takalmi ɗaya yana kallona. Mahaifiyata ba ta ɗago ba, tana juya ƙuli. Can ta ce, "Ɗana, zauna ka karanta min abin da wannan ya karanta sau biyu."

Ya zauna ya karanta. Ta saurara har ƙarshe, kasko ɗaya ya kusa ƙonewa. Da ya gama ta ce, "Allah sarki, ta riƙe alkawari. Amma me take ci?"

Ya ce bai rubuta ba.

"To rubuta. Ƙatuwa irin wannan ba za ta yi muku gada da yunwa ba. Akuya za ku ba ta. Kuma mesa in ta haɗiye akuya kwanciya take, ko ganga goma za ku buga ba ta motsi."

A wurin ya ciro biro ya rubuta a gefen shafi: duk hayewa ɗaya akuya ɗaya, kuma bayan ta ci sai an jefa ƙwayar lido sau uku kafin ta farka. Kuraye ma ta sa musu doka, ba sa tafiya da tsakar rana. Yaƙi kuma aka mayar da shi rani, bayan an kai amfani gida. Wallahi wasan bai taɓa daɗi irin na bayan nan ba. Mesar tana nan, amma yanzu sai ya yi tunani kafin ya kira ta, ni kuma na koyi lallaɓawa in kore masa awaki.

Yanzu na bar acaɓa, shi ma yara sun yi masa yawa, sai mu yi wata biyu ba mu jera maɓalli ba. Amma abin bai bar ni ba. Na gane ba kura ko mesa ce ke ɓata labari ba, in dai tana jin yunwa tana gajiya kamar kowa, zuciya za ta karɓe ta. Na kuma gane halina. Har yau in na ji bakina ya fara cewa "ni dai gaskiya nake so a bi", nakan tsaya in duba, sau da yawa sai in tarar wani ne ya fi ni iya wani abu.

Ranar alƙalancin Inna dai, da muka fito zaure, kowa da ƙuli a hannu, na yi ta jan ƙafa. Daga ƙarshe na ce masa, murya ƙasa-ƙasa, ko Fadama ma za ta samu wata dabba. Na ce ni ban iya ƙirƙira ba.

Ya ce, "Ka iya. Me kake so ta yi maka?"

Na yi tunani, na ce ni dai tambayar Inna ce ta tsaya min, abin da mutanena za su ci. Ina son wadda za ta ɗaukar musu hatsi.

"Mai sauri ko mai ƙarfi?"

Na ce mai ƙarfi, wadda kibiya ba ta huda ta. Sai na ji bakina ya ce kunkuru, ƙato, da rumbu guda a gadon bayansa.

Ya miƙo min biro, ya ce, "Ni ban faɗa ba, kai ka faɗa. Rubuta da hannunka. Inci ɗaya zai riƙa yi."

Na ce inci ɗaya ai zalunci ne.

Ya ce, "Mu koma ciki mu tambayi Inna?"

Na ce a bar shi a inci ɗayan.