Gwaggo Ta Jira Ni Sati Uku

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a a Dutsin-Ma, wani abu ya faru a gidanmu da har yau in na tuna sai in ji haushin kaina, in ji haushin 'yan gidanmu, in rasa wa zan fi jin haushi.

Ni 'yar Kurfi ce. Tun ina sakandare likitanci nake so, amma sau biyu ina zana jarrabawar shiga jami'a makina bai kai ba. A karo na uku aka ba ni gurbi a fannin ilimin ƙananan halittu, wato ƙwayoyin nan da ido ba ya gani sai da na'ura. Da na kai wa mahaifina takardar, ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Wannan ɗin na asibiti ne?" Na ce, "E to, Baba, yana da alaƙa." Shi ke nan. Kafin la'asar duk unguwa an ji cewa 'yarsa ta samu likitanci.

Gaskiya ban gyara zancen ba, daɗi ma na ji. Farar rigar da muke sawa a ɗakin gwaji, ko ba ta yi datti ba sai na taho da ita gida, in wanke, in shanya a igiyar da ta fi kusa da ƙofa. Allah Ya yafe mini.

Ba a daɗe ba abin ya fara fin ƙarfina. In na zo hutu, kafin in aje jaka mata sun shigo. Wannan ta kawo hoton ƙirjin mijinta in duba, waccan ta kwance goyo ta nuna mini ƙuraje. Wata har zancen akuyarta ta kawo mini, wai ta daina cin dusa. Kullum amsata ɗaya ce, "Ku je asibiti." Sai su ce yarinyar akwai kunya, ba ta son nuna kanta. Ban taɓa buɗe baki na ce musu ba abin da nake karantawa ke nan ba.

Ina da wata gwaggo, yayar mahaifina, mai tuyar ƙosai a ƙofar gidanta. Ita ta yaye ni, kuma duk dangi ba wanda ya kai ta alfahari da ni. A wannan zangon jarrabawa ta riƙe ni a makaranta kusan wata guda. Ranar da na dawo, mahaifiyata ko ruwa ba ta bari na sha ba, ta ce, "Maza je ki ga gwaggonki, ƙafa ta hana ta fita."

Tun daga bakin ƙofar ɗakin na ji warin. Tana zaune kan tabarma, ta naɗe ƙafar da tsumma. Da ta kwance tsumman, sai da na dafa bango. Wani guntun itace ne ya soke ta a ɗan yatsa, ga shi yatsan ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura har idon sawu.

Na ce, "Gwaggo, tun yaushe?"

Ta ce, "Sati uku ke nan."

"Sati uku! Me ya hana ki zuwa asibiti?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar banza. "In je in bi layi ga ki? Cewa na yi bari 'yata ta gama jarrabawa ta zo ta duba ni da kanta."

A nan ne na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun shekara uku. Na ce, "Gwaggo, ni fa ba likita ba ce. Ba likitanci nake karantawa ba."

"To me kike yi a can duk shekarun nan?"

"Ƙwayoyin cuta nake karanta."

Ta miƙo mini ƙafar. "To ai ga su nan, karanta su."

Wallahi ban san lokacin da hawayen takaici suka zubo mini ba. Na koma gida na samu mahaifina, na ce a nemo mota yanzun nan. Shi kuma maimakon ƙafar, maganata ce ta dame shi. Ya ce, "Yanzu kina nufin duk abin da nake faɗa wa mutane a majalisa ƙarya ce?" Na ce, "Baba, ƙafar Gwaggo ruɓewa take yi." Ya ce, "Ba abin da na tambaye ki ba ke nan." Mahaifiyata ce ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, a kai Yaya asibiti tukuna, in an dawo sai ku yi shari'arku."

Muka kai ta. Nas ɗin da ta kwance tsumman ta ɗago a fusace ta ce, "Wa ya bar wannan ciwon ya kai haka?" Gwaggo, baiwar Allah, ta nuna ni da fara'arta ta ce, "Likitarmu muke jira, ga ta nan." Kallon da matar nan ta yi mini, ban fatan a yi wa maƙiyina.

Aka gwada jini, ashe ciwon suga ne da ita, ba wanda ya sani. Aka tura mu Katsina. Ƙafar ta tsira, amma yatsan sai da aka cire.

A zaman jinyar ne na ci karo da takaici na biyu. Wani dattijo mai aikin gwajin jini ya ji abin da nake karantawa. Na ce masa ai in na gama, irin aikinsa zan nema. Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ba a faɗa miki ba? Kujerar nan kwas ɗinta daban, lasisinta daban. Takardarki ita kaɗai ba za ta zaunar da ke nan ba." Aji uku fa nake! Shekara uku ina haddace sunayen ƙwayoyin cuta masu karya harshe, ban taɓa tambayar kowa ina karatun yake kai mutum ba. Ya ga yadda fuskata ta canza, sai ya jawo mini benci. Ya ce 'yan fanninmu suna aiki a kamfanonin abinci da na magani, suna binciken ruwan sha, wasu suna koyarwa, wasu su zurfafa su shiga bincike. Ya ce, "Aikin yana nan. Ke ce kika kafa ido a ƙofa ɗaya."

Da lokacin koyon aiki ya zo, na nemi wani ƙaramin kamfanin ruwan leda, kuma bayan hidimar ƙasa can na koma. Yanzu ni ke gwada ruwan kafin ya fita, in na ce kada ya fita, ba ya fita. Mahaifina ya yi wata biyu yana cewa, "Wato shekara huɗu don ki riƙa kallon ruwa?" Daga baya dai ya haƙura.

Abin da ya fi ba ni haushi a lamarin, ba wanda ya yi mugunta. Su suna so na ne, ni kuma ina son a so ni, a haka tsohuwa ta zauna da ciwo sati uku. Shi ya sa duk ɗalibin kimiyya da ya zo mini da zancen kwas, nake ce masa ya je ya nemi mutum ɗaya da ya gama wannan karatun, ya tambaye shi ina yake tashi ya tafi da safe. Sannan ya koma gida ya yi bayani dalla-dalla, ko da fuskoki za su ɓaci.

Na daɗe ban iya haɗa ido da Gwaggo ba. Wata rana na tarar da ita gaban kasko, na durƙusa na ce ta yafe mini. Ba ta ko waiwayo ba, tana juya ƙosai ta ce, "Ke rabu da ni, yatsa ɗaya ne, da saura tara. Ni abin da ban yafe ba, suga da suka hana ni sawa a koko."

Na yi dariya, ita ma ta yi. Amma da ta miƙe ɗauko takardar naɗe ƙosai, na ga yadda take ɗingisawa, sai na daina dariyar.